Lambar da Mai Nasara Ya Ba Hamsatu

Duk wanda ya zauna Tasawa ya san Mai Nasara, dogon dattijon nan mai ranƙwafaffen wuya da ke da shagon buga takardu kusa da inda motocin Mayahi ke lodi. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gardama da kowa. Amma waɗanda suka san shi tun da can sun ce ba haka yake ba. Sun ce da, in ya shigo wuri, sai kowa ya san ya shigo.

A Korgom aka haife shi, shi ne ɗan farin Malam Halilu, manomin hatsi da dawa. Yana ɗan shekara bakwai fari ya faɗo, shekara biyu a jere ba a cika rumbu ba, cikin wannan hali ne kuma sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Abin da ya riƙe na wancan lokacin ba shi da yawa: jar dawar taimako da ake aunawa da gwangwani, da ranar da ubansa ya riƙo hannunsa ya kai shi lakwal, ba don son boko ba, sai don an ce ana ba yara abinci da rana. Yaron ya kama karatu fiye da yadda aka zata, har ya kai kolej a Tasawa. Sai wani farin ya sake faɗowa, gidan da yake zaune suka ce ba su iya ci gaba da riƙonsa. Karatu ya tsaya nan.

Bai koma ƙauye ba. Ya maƙale wa wani tsoho mai keken rubutu da ke buga wa mutane wasiƙu a gindin bedi, ya koyi aikin har yatsunsa suka fi na tsohon gudu. Daga nan aka ɗauke shi a wani biro, wato ofis, na gwamnati. Shekara goma sha huɗu yana buga takardu, ya auri Zara'u, suka haifi ƴaƴa biyar. Ran nan aka kawo ordinata, wato kwamfuta, guda biyu, aka kawo wata matashiya da ta iya su, aka ɗora keken rubutunsa a kan kabad. Bayan wata shida aka sallame shi. Shekara biyu ya yi yana zaune a gida, ƙosan da Zara'u ke soyawa a ƙofar gida shi ke ci da su. Bai taɓa manta yadda yake jira sai masu saye sun watse kafin ya fito ba.

A wannan zaman ne ya daure ya koyi ordinata a wani shago. Da yunwar shekarar 2005 ta zo, wani furoje, wato shirin agaji na rabon abinci, ya buɗe biro a Tasawa yana neman mai saurin shigar da sunaye, ba a samu wanda ya kai shi ba. Sannu a hankali duk abin da ya shafi na'ura a biron ya koma hannunsa. In takarda ta maƙale, shi ne. In waya ta zare, shi ne. Ma'aikata suka laƙaba masa Injiniya, ya kuma amsa.

Bayan shekara uku aka turo wani ma'aikaci daga Yamai ya kafa musu rezo, wato hanyar intanet. Ya ɗora wani ɗan akwati mai ƙaho biyu a kan kabad, ya ce sunansa rutar, shi ke watsa rezo cikin biro ba tare da waya ba. Mai Nasara ya tsaya a bayansa yana kallon komai. A nan ya ji cewa kowace na'ura sai ta samu lambarta, wadda ake ce wa adireshi, kafin ta iya aika saƙo ko ta karɓa, kuma ba a yarda biyu su haɗa lamba ɗaya ba. Na'urar buga takardu kaɗai mutumin ya sa wa lamba da hannu. Sauran, ya ce, akwatin ne zai riƙa ba su da kansa.

Haka kuwa aka yi. Baƙo ya zo daga Maraɗi, ya buɗe ordinatarsa, ya buga kalmar sirri, shi ke nan ya shiga. Ba mai waiwayar Injiniya. Wata guda Mai Nasara yana kallon wannan, wani abu yana cin ransa. Ya tuna kekensa a kan kabad. Wata Juma'a da kowa ya tafi masallaci, ya makara da gangan, ya buɗe shafin akwatin kamar yadda ya ga an yi, ya lalubo wurin da aka rubuta haruffa huɗu, DHCP, da ƴar alama a gefensu. Ya cire alamar.

Daga ranar, duk mai son rezo sai ya zo gabansa. Ya sayi ƙaramin kaye, littafin rubutu mai jan bango, ya riƙa rubuta sunan kowa da lambar da ya ba shi, ya shigar da ita da hannunsa. In an tambaye shi dalili, sai ya ce tsaro ne, don kada ƴan waje su sha musu rezo. Shugaban biron, Mushe Abdussalamu (Mushe kamar Malam ne a Faransanci), har yabonsa ya yi a taron ma'aikata. Kayen kuwa kullum yana aljihun gaban rigarsa, har gida yake tafiya da shi.

Shekarar 2010 ta zo da nauyi. Damanar da ta gabata ba ta yi ba, tun kafin bazara rumbuna suka ƙare. A watan Fabrairu sojoji suka sake karɓar mulki, suka fito fili suka ce akwai yunwa a ƙasa, taimako ya fara shigowa da yawa. Biron da ke da mutum bakwai ya koma mutum ashirin da wani abu. Tsarin aikin kuwa shi ne, ma'aikata su zaga ƙauyuka su rubuta gidajen da suka fi galabaita, a aika jerin sunayen zuwa babban biro a Maraɗi, can ne ake raba kamyo-kamyo, manyan motocin hatsi, gwargwadon abin da ya iso.

Cikin sababbin ma'aikatan akwai Hamsatu, ƴar Mayahi, wadda aka ba ƙauyuka goma sha ɗaya na yankin Baudeta. Kwana tara ta yi tana zagaya su a bayan moto, wato babur. Ranar wata Laraba da hantsi ta dawo, fuskarta duk ta ƙone da rana, da sabuwar ordinata da aka ba ta, sunayen gida ɗari takwas da wani abu a ciki. Maraɗi sun ce duk jerin da bai iso ba kafin azahar ta Alhamis, sai zagaye na gaba.

A wannan safiyar ce aka aiko wa Mai Nasara cewa ƙanen mahaifiyarsa ya rasu a Korgom. Mai kabu-kabu, babur ɗin haya, na jiransa a ƙofa, inji na ruri, sai ga Hamsatu ta tare shi.

"Baba Injiniya, don Allah ka sa mini lamba kafin ka tafi. Sunayen nan ba su kwana nan."

Ya karɓi na'urar a tsaye, bai ko zauna ba. Gurabe biyu ne ake cikewa: na sama lambar na'urar, na ƙasa lambar akwatin da za ta bi ta kansa. Hankalinsa na kan jana'iza, ya juya su. Ya ba ordinatar Hamsatu lambar akwatin kansa. Ya miƙa mata, ya ce ta gwada, bai jira ya ga sakamako ba ya haye moto.

Rezon biron gaba ɗaya ya rikice. Ya zo, ya ɗauke, ya zo, ya ɗauke. Duk sanda Hamsatu ta kashe na'urarta ta sake kunnawa don ta gwada, sai na kowa ya ƙara tsayawa, ba kuma wanda ya gane alaƙar. Mushe Abdussalamu ya kira wayar Mai Nasara ya fi sau ashirin, ba ta shiga. Shagon intanet ɗaya da ke garin a rufe yake, ba wuta. Aka yi ta jira ko abin zai gyaru da kansa. Da safiyar Alhamis Hamsatu ta zuba sunayen a kile, ɗan abin ɗaukar bayanai da ake soka wa ordinata, ta shiga motar haya, motar ta lalace kafin Agye. Sai bayan la'asar ta isa Maraɗi. An riga an raba kamyo.

Ranar Asabar, bayan sadakar uku, Mai Nasara ya dawo. Ya buɗe na'urar Hamsatu, kallo ɗaya ya yi ya ga abin da ya aikata. Mushe Abdussalamu na tsaye a kansa, Hamsatu na gefe. Ya gyara lambobin da sauri, ya danna nan ya danna can don a ga kamar aiki ne mai wuya, sannan ya ɗago.

"Cuta ce ta shiga na'urarta," ya ce. "Wataƙila ta sa kile ɗin wani a ƙauye. Ita ta harbi sauran. Na cire ta."

"Ban sa kile ɗin kowa ba, Baba," in ji Hamsatu.

"Ba lalle ki tuna ba."

Ranar Litinin takardar gargaɗi ta zo mata daga Maraɗi, an rubuta sakaci da kayan aiki. Motar da ta kawo takardar ita ce ta kawo Lalla, mai kula da na'urorin furojen na jiha baki ɗaya, wata siririyar Buzuwa da ba ta fi shekara talatin ba. Ta gaishe da kowa, ta duba na'urar Hamsatu ba ta ga wata cuta ba. Hamsatu ta nuna mata gefen littafinta, inda ta kwafe saƙon da na'urar ta riƙa fitarwa ranar Laraba: wata na'ura a rezon tana da adireshi iri ɗaya da wannan. Lalla ta karanta. Da aka fita cin abincin rana sai ta ce wa Mai Nasara ya ɗan tsaya.

Ta ja kujera kusa da tasa, ta buɗe shafin akwatin. Ta kai yatsa kan haruffan nan huɗu.

"Baba, wannan a kashe yake."

"I, saboda tsaro."

"Tsaro kalmar sirri ke yin shi, ka sani. Kuma abin nan ba ya kashe kansa." Ta faɗa a hankali, ba ta dube shi ba. "Ban zo in ci mutuncinka ba. Ka girme ni nesa. Matso, kai za ka mayar da shi da hannunka."

Ya matso. Ta ce ya mayar da alamar, ya mayar. Gurabe suka buɗe a ƙasa. Ta ce a na farko ya sa inda rabon zai fara, ɗari. A na biyu inda zai tsaya, ɗari da casa'in da tara. Ta bayyana masa cewa lamba ɗari kenan akwatin zai riƙa bayarwa aro, duk na'urar da ta shigo ya ba ta wadda ba kowa a kai, ba zai taɓa ba biyu iri ɗaya ba. Tsawon aron kuma ta ce ya sa awa ashirin da huɗu, in baƙo ya tafi lambarsa ta dawo a ba wani. Na'urar buga takardu a bar ta da lambarta ta hannu, goma, tunda tana wajen iyakar rabon. Ya danna wurin ajiyewa. Fitilun akwatin suka mutu, suka sake kamawa ɗaya bayan ɗaya.

Duka aikin bai kai minti biyar ba.

"Saura mu bi na'urorin mutane," in ji Lalla, "mu cire lambobin hannu, mu ce kowace ta karɓa da kanta."

Wannan ya fi masa ciwo. Tebur bayan tebur, a gaban masu su, yana goge lambobin da shi ya rubuta, Lalla na tsaye tana cewa sabon tsari ne daga Maraɗi. Ma'aikata na ta murna, wani har yana cewa, "Injiniya, ka huta ke nan!" Ya yi yaƙe. Kafin ta hau mota ta ja shi gefe.

"A rahotona zan rubuta an samu lambobi biyu sun haɗu, an gyara. Ba zan rubuta cuta ba, don babu ita. Wanda ya sa lambar kuwa, ban gani da idona ba. Amma takardar da ke kan yarinyar nan ba tata ba ce, Baba."

Ya ce ya ji. Bai yi komai ba. Kwana goma yana zuwa aiki yana komawa, in ya hango Hamsatu a baranda sai ya canza hanya. Zara'u ta tambaye shi ko rasuwar kawunsa ce ta hana shi cin abinci, ya ce ita ce.

Kwana goma sha biyar bayan zagayen farko, hatsin Baudeta ya iso. Aka rasa mai kiran sunaye a wurin rabo, Mushe Abdussalamu ya ce Mai Nasara ya bi su, tunda yanzu rezo ba ya bukatar mai tsaro. A tsakanin kwanakin an yi ruwan shuka mai kyau. Tun a hanya ya ga gonaki sun kasu biyu: wasu hatsi ya tsiro layi-layi, wasu kuwa ƙasa ce jiƙaƙƙiya ba komai a kanta.

A ƙauye na uku, mata sun baza anza, ƴaƴan itacen dajin nan da ake ci lokacin yunwa, a kan tabarmi, wadda suka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Ya zauna a gindin gawo yana kiran suna, Hamsatu na duba katin kowa. Ya kira wani Gado, wani tsoho ya taso da sanda, ya sa hannu a tawada ya dangwala. Maimakon ya wuce sai ya tsaya.

"An ce kai ne mai na'urar da ta kai sunayenmu birni."

Mai Nasara ya ce, "Muna da yawa, Baba."

"Allah shi yi maka albarka. Allah shi rufa maka asiri kamar yadda ka rufa muna." Tsohon ya gyara tsayuwa. "Da hatsin nan ya zo da wuri kaɗan da mun tsira da irinmu. Tiya shida na ɓoye tun kaka, na ce ko mi za a yi ba a taɓa ta. Munka ji an raba a Korgom, munka ce namu gobe, jibi. Jikokina na kuka. Ran na takwas na ce a daka. Kwana biyu da dakawa ruwa ya sauko." Ya yi ƴar dariya. "To, haka Allah ya so. Yarana biyu sun tafi Katsina neman abin shuka. Mun gode, mun gode."

Mai Nasara ya dubi takardar da ke hannunsa, sunan da ke biye ya ƙi karantuwa. Hamsatu ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta ci gaba da kira da kanta. Ya tashi ya zaga bayan kamyo ya tsuguna, ya daɗe a can.

Washegari da safe ya shiga wurin Mushe Abdussalamu, ya roƙa a kira Hamsatu. A tsaye ya faɗi komai: alamar da ya cire shekara biyu da suka wuce da dalilin cire ta, lambobin da ya juya, da cutar da ya ƙaga. Bai ɗaga kai ba har ya gama. Mushe Abdussalamu ya cire tabarau ya riƙa murza idanu.

"Malam Mai Nasara, wa ya ce maka za a kore ka?"

"Ba kowa."

"To?"

Mai Nasara ya juya wajen Hamsatu ya ce, "Ɗiyata, ki yafe mini."

Hamsatu ta ce, "Tun ranar da Madam Lalla ta zo na gane. Na yi ta jira in ga ko za ka faɗa. Kuskuren lamba ba komai ba ne, Baba, kowa na yi, ga rasuwa an yi maka. Amma ka dube ni ka ce ba lalle in tuna ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Nawa na yafe. Na mutanen can ba ni ke da shi ba."

Aka janye takardarta, aka rubuta masa tasa. Ba a kore shi ba, don aikin ya yi yawa kuma ba mai saurinsa. Labarin bai fita daga ɗakin ba, amma shi gani yake kowa ya sani. Da ya gaya wa Zara'u, tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba ta ce, "Ashe ci da ƙosan da nake soyawa ya fi maka wannan ciwo?"

A ƙarshen makon ya sayi irin hatsi mai saurin nuna, ya ɗaura a moto ya kai wa Gado. Tsohon ya yi ta godiya har da hawaye, ya rasa dalilin wannan alheri, Mai Nasara kuma ya kasa gaya masa. Ya buɗe baki sau biyu, abin da ya fito shi ne a gaida gida. A hanyar dawowa yana ƙirga gonakin da ba a shuka ba, har ya daina ƙirgawa. Gado ɗaya ne cikin gida ɗari takwas, sauran bai san ko su wane ne suka daka irinsu ba.

Furojen ya rufe bayan shekara biyu. Mai Nasara ya buɗe shagonsa, yana buga takardun neman aiki da na makaranta. In wata makaranta ko wani biro sun sayi rutar, shi ake kira ya kafa. Yakan sa mai wurin ya zauna a kujera, shi ya tsaya a baya yana faɗa masa abin da zai danna, ya sa shi ya maimaita har sai ya iya, ya rubuta masa kalmar sirri a takarda ya ba shi. Wasu na ƙosawa su ce shi dai ya yi kawai, ya ce a'a.

Sau ɗaya ya sake haɗuwa da Hamsatu, a wani ɗaurin aure a Mayahi, bayan shekara bakwai. Ita ta fara ganinsa. Ta zo da goyo a bayanta ta durƙusa ta gaishe shi, ta kira mijinta, wani malamin lakwal mai suna Yahaya.

"Wannan Baba Mai Nasara ne," ta ce. "Tare muka yi aiki shekarar yunwa."

Mijin ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce lalle sun yi aikin lada a wancan lokacin, Allah ya saka. Mai Nasara ya ce amin. Aka kawo masa shinkafa da nama, ya ɗan taɓa, ya tura wa na kusa da shi. Da aka shafa fatiha bai jira motar ƴan Tasawa ba, ya fita bakin hanya ya tsayar da kabu-kabu.